Alamar Kore a Wayar Gwaggo

Duk wanda ka tambaya a gidan kula da tsofaffin, bakinsu ɗaya a kan Gwaggo. Mai wanki ta ce shekara goma sha tara suna tare, ba ta taɓa ganin ta bar tsoho a kan jiƙaƙƙen zanen gado ba. Mai girki ta ce idan tsoho ya ƙi cin abinci Gwaggo ake kira, ta zauna ta yi ta zuba masa hira har kwano ya ƙare bai sani ba. Ko ɗan tsohon tela, wanda yake ihu a tsakar gida a safiyar nan cewa ita ta kashe masa uba, makon jiya da bakinsa ya ce hannunta ya fi na kowa sanyi.

Ƙarfe tara da kwata aka buga waya ofishin 'yan sanda. Tsohon telan ne ya faɗo daga injin ɗaga marasa lafiya, kansa ya bugi ƙarfen gado, ya cika kafin motar asibiti ta iso.

Sufeto ya zo da Saje. Sufeto mutum ne mai ƙarancin magana, Saje kuwa yana yin ta mutum biyu.

Ɗakin tsohon telan ƙarami ne. Gado, kujera mai taya, da wani tsohon keken ɗinki da ya ƙi rabuwa da shi ko da hannunsa ya daina aiki. Injin ɗagawa na tsaye a gefen gado, majanyin da ake zaunar da mutum a ciki yana reto a jikin ƙugiyoyi. Sabo ne fil, ko wanki bai sha ba.

Sufeto ya duba igiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta tsinke. Biyu na kafaɗa, biyu na ƙafa, kowace a rataye a ƙugiyar da ke gefenta.

"Inji lafiya lau, majanyi lafiya lau," in ji Saje. "Sai dai hannu, Yallaɓai."

Sufeto ya ɗauki hoto, ya ce kada kowa ya taɓa.

Mataimakin manaja ne ke riƙe da gidan, don manaja na hutun jinya. Shi ne kuma mai kula da horon ma'aikata. Ya karɓe su a ofishinsa, ya juya musu fuskar kwamfuta tun kafin su zauna.

"Ranka ya daɗe, mu nan komai a rubuce yake. Kowane ma'aikaci yana da manhaja a wayarsa. Duk horon da ya yi tana nunawa. Ya kalli bidiyo, ya amsa tambayoyi, ya faɗi abin da ya koya, ni kuma in sa hannu cewa na ga ya gwada a gabana. Sai alamarsa ta zama kore. Wanda ba shi da kore, hukuma ba ta sabunta masa lasisi."

"Gwaggo fa?"

"Ga ta nan. Horon sabon majanyi, Talatar makon jiya, sha ɗaya da minti ashirin. Goma bisa goma." Ya girgiza kai. "Wallahi abin ya dame ni. Uwa ce a wurina. Amma an koya mata, ta sani. Ƙila tsufa ne."

"A gabanka ta gwada?"

"Ina tsaye a kanta kamar yadda nake ganinka."

Sufeto ya nuna wani kwando a kan tebur, cike da wayoyi.

"Na ma'aikata ne," in ji Mataimaki. "Dokar gida ce. Ka shigo aiki ka ajiye waya a nan, ka tashi ka ɗauka. Don kada a bar tsoho a banɗaki ana hira da saurayi."

Da suka fito Saje ya rage murya. "Idan an horar da ita, ta ci jarrabawa, ta zo ta yi ba daidai ba, ai sakaci ne da ya jawo rai. Lasisi ya tafi, kotu kuma na jira."

"Haka ne," in ji Sufeto. "Ɗauko min wayarta."

Gwaggo na zaune a ɗakin guga, hannuwanta a kan cinya. Ba ta kuka. Idonta dai ya yi ja.

"Sannu, Gwaggo."

"Yauwa, ɗan nan. Ka zo tafiya da ni?"

"Na zo jin abin da ya faru."

Ta faɗa masa a hankali. Tsohon majanyin telan ya yage jiya, mai wanki ta janye shi, yau ta ɗauko sabo. Ta saka masa, ta rataya igiyoyi kamar kullum, ta danna. Yana yi mata tsiyar cewa wuyan rigarta a karkace yake, sai kawai ya sulale ta ƙasa.

"Kin yi horon sabon majanyin?"

Ta dubi ƙasa. "Na yi."

"Da kanki?"

"Ba ga shi nan a waya ba?"

Wayar ba ta da lambar sirri. Sufeto ya buɗe manhajar, ya gangara ƙasa. Horo arba'in da ɗaya cikin shekara uku. A gurbin da ake faɗin abin da aka koya, kowanne saƙon murya ne. Ya danna ɗaya, muryar Gwaggo ta cika ɗakin.

"Yau na koyi cewa idan tsoho ya manta da kai, kada ka ce masa ka tuna ni? Kunya kake ba shi. Ka gaishe shi kawai kamar yau kuka haɗu. Ni dai da ma haka nake yi, ashe karatu ne."

Ya danna wani, ya danna wani. Saje ya fara duba agogo, Sufeto bai ɗaga kai ba sai da ya saurari takwas. Sannan ya koma na ƙarshe. Babu murya. Layi ɗaya ne a rubuce: na fahimci yadda ake amfani da majanyi cikin aminci.

"Wannan rubutawa kika yi."

"Ranar muryata ta dishe."

"Karanta min shi."

Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta matso da ita. Ta karanto kalma biyu da ƙyar, ta tsaya.

"Ban zo da tabarau ba," ta ce.

Sufeto ya karɓi wayar, bai matsa mata ba.

Maigadi yana da littafin shiga da fita, kuma yana alfahari da shi. Ya lashi yatsa ya buɗe ranar Talata.

"Ga ta nan, Yallaɓai. Ta fita ƙarfe goma da tsohuwar ɗaki na shida, asibitin ido. Sun dawo biyu saura. Na tuna sarai, don tsohuwar ta zage ni a kan na buɗe ƙofa da ƙara."

"Da wayarta ta fita?"

"Ina! Mai rakiya wayar gida ake ba shi. Tata tana kwando."

Saje ya yi fito. Sufeto ya nemi wuri a kan bencin maigadi, ya buɗe bidiyon horon a wayar Gwaggo, ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Minti ashirin da biyar. A minti na goma sha bakwai wata mata ta ɗaga igiyoyin ƙafa ta harɗe su, ta dama ta koma ƙugiyar hagu, ta hagu ta koma dama. Ta maimaita sau uku cewa wannan samfurin ba kamar tsohon ba ne, in ba a harɗe ba mutum zai zame ta tsakiya.

Ya aiki Saje ya dubo sauran wayoyin da izinin masu su. Saje ya dawo da takarda.

"Mutum bakwai har da Gwaggo, Yallaɓai, duk ranar Talata suka yi horon. Tsakanin kowane da na bayansa minti huɗu. Kuma duk layi ɗaya suka rubuta. Ko 'yan biyu ba sa haka."

"Nemo katifa biyu," in ji Sufeto. "Ka kai ɗakin motsa jiki. A kawo wani injin da sabon majanyi."

Mataimaki bai girgiza ba da aka nuna masa littafin maigadi.

"Kuskuren rana ne, ranka ya daɗe. Litinin na horar da su gaba ɗaya, Talata na taimaka musu shigarwa. Wasunsu waya na ba su wahala."

"Ɗazu ka ce kana tsaye a kanta."

"Ranar Litinin ɗin nake nufi."

"To, madalla. Tunda kai ka koya musu, koya min. Ga Saje, ɗaga shi daga kujera."

Saje ya zaro ido. "Yallaɓai, 'ya'yana huɗu."

"Ga katifa."

Ma'aikata sun taru a bakin ƙofa. Gwaggo na can baya, ɗan marigayin na jingine da bango. Mataimaki ya naɗe hannun riga, ya zura majanyin a bayan Saje, ya zaro igiyoyin ƙafa ta ƙarƙashin cinyoyinsa. Hannunsa ya san aikin, don shi ma da jinya ya fara. Ya rataya ta dama a dama, ta hagu a hagu, ya danna.

Saje ya tashi sama kamar taƙi ɗaya. Sai ƙafafunsa suka buɗe, ya sulale ta tsakiya, ya zube a kan katifa yana salati.

Babu wanda ya yi dariya.

Sufeto ya miƙa wa Mataimaki wayar, bidiyon a tsaye a minti na goma sha bakwai. Ya kalla. Matar ta harɗe igiyoyin, ta maimaita gargaɗinta sau uku. Ya zauna a kan kujerar da Saje ya tashi.

"Ban taɓa kaiwa nan ba," ya ce. "Ana iya ja a tsallake."

"Faɗa min daga farko."

"Masu duba gidaje daga hukuma za su zo ranar Laraba. Ma'aikata uku sun bar aiki, manaja na kwance. In na cire mutum bakwai daga ɗakuna na minti ashirin da biyar, wa zai riƙe tsofaffin? Kuma in suka ga ja a allo, za su rage mana daraja. Na ce majanyi ai majanyi ne, shekara nawa muna ɗaga mutane. Wayoyin na gabana a kwando, ni na saka musu manhajar, masu lambar sirri kuma na san lambobinsu. Na ce in an kwana biyu zan yi musu horon gaske."

"Ka yi?"

Ya girgiza kai.

Sufeto ya juya. "Gwaggo, me ya sa kika ce kin yi?"

Ta matso a hankali. "Na ga kore a wayata, na san ba ni na yi ba. Na same shi, ya ce taimakona ya yi, in na yi magana za a ce ban iya karatu ba, a karɓe lasisina. Yau da safe ma, gawa na kwance, ya ce in tsaya a kan na yi, zai nema min sassauci." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Tsoro na ji, ɗan nan. Da na buɗe baki tun ranar, da tela na nan yana zagin wuyan rigata. Wannan kam laifina ne, ka rubuta."

"Zan rubuta yadda kika faɗa," in ji Sufeto. "Za ki zo ki ba da shaida. Amma ba ke zan tafi da ita ba."

Ya umarci babbar ma'aikaciyar jinya da kada a sake ɗaga kowa da sabon majanyi sai duk su bakwai sun kalli bidiyon sun gwada. Sannan ya gaya wa Mataimaki laifin da ake tuhumarsa da shi, ƙirƙirar shaidar horo da sakacin da ya jawo asarar rai. Saje, yana dafe da ƙugu, ya sa masa ankwa.

A bakin ƙofa Mataimaki ya tsaya kusa da Gwaggo. Ita ta koya masa juya mara lafiya ranar da ya fara aiki a gidan. Ya motsa baki, kansa a ƙasa.

"Ban ji ba," in ji ta. "Kuma ba ni ce ta farko ba. Ga mai uba can."

Ya ɗaga kai ya dubi ɗan telan, sannan ya dubi Gwaggo. Wannan karon har maigadi ya ji daga waje.

"Ni na jawo mutuwar mahaifinka, ka yi haƙuri. Gwaggo, na so in bar ki ki ɗauki kayan da ni na ɗaura. Ki yafe ni."