Kwamfutar da Ta Daina Kuskure

Ran Talata da hantsi wata malamar kwalejin fasaha ta shigo caji ofis da ƙarar da ta sa kofur guntse dariya. Wai tsohuwar kwamfutarsu ta daina kuskure.

Sufeto ya bi ta zuwa ɗakin adana tsofaffin na'urori na kwalejin. Ga kwamfutar nan cikin akwatin gilashi, ta haura shekara arba'in.

"Ranka ya daɗe, an sace mata ƙwaƙwalwa, wato firosesa, an sa ta kwaikwayo."

"To ba ga ta tana aiki ba?"

"Ai ta kwaikwayon tana jin duk umarnin da ta asalin ke ji, kamar tagwaye. Har tana iya rikiɗa ta yi aiki irin na wadda ta girme su. Amma akwai umarni ɗaya da ta asalin ke amsawa a karkace, kuskure ne tun daga masana'anta. Duk shekara ina nuna wa ɗalibai. Yau na ba ta, ta amsa daidai."

Mabuɗin akwatin biyu ne: ɗaya a jakar malamar, ɗaya wajen mai shara, wani dattijo mai 'ya'ya bakwai. Sufeto bai tsaya dogon tunani ba, ya sa aka kulle shi.

Kwana biyu dattijon yana rantsuwa a sel. A rana ta uku aka miƙa masa takardar bayaninsa, ya riƙe ta a juye. Kunya ta rufe Sufeto. Mutumin da bai san alif ba, ina shi ina zaɓo ƙwaƙwalwar da za ta dace?

"Baba, ka taɓa ba wani mabuɗin?"

"Tsohon injiniya kawai, mai zuwa share wa kwamfutar ƙura. Shi kuwa ai ba a zarginsa."

Injiniyan nan kawun Sufeto ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

Ya koma kwaleji, ya sa malamar ta buɗe cikin kwamfutar. An kankare rubutun da ke bayan ƙwaƙwalwar. A gefe ɗaya kuwa ga ɗigon jan farce.

"Ban san ma'anarsa ba," in ji ta.

Shi ya sani, da ma bai sani ba. Tun da idon Kawu ya raunana, haka yake ɗiga wa kwalaben magani da mabuɗai don ya gane su.

Ya same shi a shagonsa, tsakanin wayoyi da ƙamshin dalma.

"A'a, Sufeto da kansa! Kama ni ka zo yi?" Kawu ya faɗa da raha.

"Kawu, yaushe rabonka da buɗe kwamfutar nan?"

"Tun bara."

Sufeto bai iya kallon idonsa ba. Ya ɗauki kwalbar jan farcen da ke kan tebur, ya ajiye a gabansa.

Kawu ya jawo aljihun tebur, ya fito da ƙwaƙwalwar asali naɗe a hankici, gefenta ya ƙone.

"Ba sayarwa na yi ba, ɗana. Cirewa na yi in goge mata ƙafafu, na mayar da ita kai a ƙasa. Ina kunnawa ta yi hayaƙi. Ni da na koyar da rabin masu gyaran garin nan! Da wane baki zan ce ido ya tafi? Na ce ta kwaikwayo za ta rufa min asiri. Na manta ita ba ta iya kuskuren ba."

"Mai shara fa, Kawu? Kwanansa uku a sel."

"Na ji," in ji Kawu, hawaye na bin gemunsa. "Kullum sai in ce gobe."

Kofur da ya rako Sufeto ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Da kansa ya riƙe hannun Kawu har mota, don tsohon ba ya ganin matakala.

A ofis, shi ya buɗe sel ɗin. Ya cire hularsa ya durƙusa gaban mai shara.

"Baba, ka yafe min."

Dattijon ya leƙa ta bayansa, ya hango wanda ke zaune a benci, kai a sunkuye.

"Yallaɓai, me injiniya yake yi a nan? Ko belina ya zo yi? Allah sarki, mutumin kirki."