Ni Na Kashe Kyaftin

"Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa kallon shirin ba! Na rantse!"

Kwamanda ne ke faɗa yana buga littafin a kan tebur. Haka muke kiransa, don shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masoya shirin *Masu Gadin Sararin Sama*. Duk Asabar muna haɗuwa a bayan wani shagon littattafai.

Ni kuwa ina zaune kusa da shi, saura wata biyu aurenmu, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"A ce Kyaftin ya tsaya a jirgin da ke ci da wuta, kowa ya tsira ban da shi? Shekara shida ina bin mutumin nan!" Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Tauraruwata?"

"Ni... ban gama karantawa ba."

Ƙarya nake. Ni na rubuta shi.

Kamfanin shirin ne ya ba ni aikin littafi na huɗu, da sunan aro, da sharaɗin in yi shiru har sai ya fito. Na so in ba Kwamanda mamaki ranar da littafin ya fito. Kafin in buɗe baki, ya watsa sharhi mai shafi tara a dandalin ƙungiya.

Sakatariyar ƙungiya ta yi murmushi. Ta daɗe tana yi masa kallon da ban so.

"Ai ba sai an je nesa ba, Kwamanda. Makon jiya na tsinci wasiƙar kamfanin da ta faɗo daga jakar wata." Ta nuna ni da biro. "Ga wadda ta kashe maka Kyaftin."



"Ke?" Kwamanda ya zuba min ido. "Ke ce?"

Na suri jakata na fita da gudu, takalmina ɗaya na neman cirewa.

A gida na tarar Yaya ya riga ya karanta sharhin a wayarsa.

"Wai ƙanwata ce ba ta san bambancin tauraro da fitilar titi ba? To auren ma an fasa!"

"Yaya, bai san ni ba ce..."

Umma ta ajiye ɗinkinta. "Ku tsaya. Shi wannan Kyaftin da ya rasu, ɗan uwansu ne?"

"Umma, a littafi ne!"

"A littafi? Shi ne kike ta kuka har hanci ya kumbura? Allah ya shirye ku."

Kwana uku Kwamanda bai kira ba. Sakatariya kuwa kullum sai ta sa hoton tana kai masa shayi wurin aikinsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Na kashe wayata.

Ranar Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da kayan aikinsa a jiki, littafin a hannu duk ya sha lanƙwasa. Yaya ya tare ƙofar.

"Me kuma ka zo gyarawa?"

"Bakina, Yaya."

Dariya ta kusa ƙwace wa Yaya, ya daure ya matsa.

Kwamanda ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya dube ni.

"Sau uku na sake karantawa. Sau uku ina kuka, na ƙarshe ma a saman tsani, mai gidan ya zaci lantarki ne ya ja ni."

Na sunkuyar da kai.

"Har yanzu ina jin haushin mutuwarsa, ba zan ɓoye miki ba. Amma littafin banza ba ya sa ƙato kuka. Zafin rashi ne ya sa na zagi alƙalaminki. Ki yafe min, Tauraruwata."

"Shayin fa?"

"Yaran shago suka shanye. Ko ɗanɗanawa ban yi ba, wallahi!"

"Nima da na gaya maka tun farko..."

"A'a," in ji Yaya. "A gaban mutane ya yi zagi, a gaban mutane zai janye."

Haka aka yi. Asabar ya miƙe ya karanta ban-haƙuri mai shafi goma. Rabin ƙungiya suka tafa, rabi suka ce soyayya ce ta saye shi. Sakatariya ta ce kanta na ciwo, ta tafi tun a shafi na biyu.

Ranar aurenmu ma sai da aka raba musu a tsakanin baƙi kan ko Kyaftin zai iya tsira ta ƙofar baya.

Yanzu shi ne mai fara karanta duk abin da na rubuta. Jiya da safe na miƙa masa littafi na biyar, na shige kicin. Ban gama yanka albasa ba na jiyo ihu daga falo.

"Likitan jirgin kuma?! Haba, Tauraruwa! Me ya yi miki?"

Na tura ƙofar da ƙafa, na jingina da ita ina dariya.