Jan Kwaɗon Ustad Niamat

Dab da magariba babban injiniya ya aike ni hawa na sha huɗu. Ma'aunin zafin fanka ta bakwai yana ƙarya, ya ce in canza shi kafin in tashi. Aikin minti biyar ne. Na kashe fankar daga kwamfuta, na rataya jakata, na hau.

Sunana Sumbul. Kwana huɗu a mako ina aiki a wannan dogon gini na Karachi, ina koyon sarrafa sanyi da iska da wutarsa, kwana biyu kuma ina jami'a. A jami'a ake koya mini lissafi, amma Ustad Niamat ne ya koya mini aiki. Tsoho ne mai faɗan tsiya, kullum bakinsa da 'ya'yan ilaichi masu ƙamshi yana tauna.

"Kwamfutarki maƙaryaciya ce, 'yata," haka yake cewa. "Ki sauke hannun wuta, ki sa kwaɗo, makulli a aljihunki. Sannan ki shiga."

Kowa da kwaɗonsa mai sunansa, kuma ba mai cire na wani. Shi har da ƙarin tasa al'ada: kafin ya tayar da inji sai ya buga jikinsa da sifana sau uku, ya ce, "Akwai kowa a ciki?" Muna yi masa dariya.

Ni ce na ɓatar da nawa kwaɗon. Ya zazzage ni tas, sannan ya ara mini nasa ja. Washegari na tafi jarrabawa da shi a jakata, na manta. Ustad ya karɓi aikina, ya sauke hannun wutar fanka ta bakwai, ya shiga ba kwaɗo. Masu ofis suka yi kukan zafi. Wani ma'aikaci ya ga hannun wutar a ƙasa ba alamar kowa, ya ɗaga.

Ran da aka aike ni, kwanansa arba'in da rasuwa. Kwaɗon yana jakata, ban gaya wa kowa ba.

Ɗakin injin yana warin ƙura da gishirin teku. Na rataye jakar a bayan ƙofa. Bangon da hannun wutar yake ban ko kalle shi ba, wallahi na kasa. Na ce ai na kashe daga ƙasa, yanzu zan fito. Na sunkuya na shiga akwatin fankar, fukafukanta masu tsayin mutum suna gefen kafaɗata.

Ana kiran salla daga masallacin layin baya aka ɗauke wuta.

Duhu. Can ƙasa janareta ya yi tari, ya kama.

Sai na tuna. In wuta ta ɗauke ta dawo, na'urar da ke sarrafa fankokin mance umarnin kwamfuta take yi, ta tayar da komai da kanta. Ni na rubuta mata haka. Sakan talatin take jira.

Na juya. Fankokin maƙwabta sun riga sun tashi, iskarsu ta zuƙe ƙofar akwatin ta rufe. Na tura da kafaɗa. Ko gezau.

Ƙamshin ilaichi ya cika akwatin.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Sifana ce a jikin ƙarfe, daidai kunnena.

"Akwai kowa a ciki?"

Muryar a hankali take, da ɗan shaƙewar nan tasa. Ba tsoro kaɗai ya riƙe ni ba, kunya ce.

Injin ya fara gunji. Fiffike ɗaya ya motsa, ya shafi mayafina.

"Akwai kowa a ciki?"

"Ni ce, Ustad," na ce da raɗa. "Kwaɗonka yana wurina. Ni na tafi da shi."



"Na sani, 'yata."

Mayafin ya naɗe, ya ja wuyana baya. Na ji iska tana yankar fuskata.

Ƙaras!

Gunjin ya mutu. Fukafukan suka yi juyi ɗaya, suka tsaya. Ƙofar ta buɗe da kanta, na faɗo waje da rarrafe, rabin mayafina ya rage a ciki.

Ba kowa a ɗakin. Jakata tana inda na rataye ta, zif ɗinta a rufe. Hannun wutar yana ƙasa, jan kwaɗo a kulle a jikinsa yana lilo, sunan Niamat a rubuce da farin fenti. Na zazzage jakar a ƙasa. Ba kwaɗo, ba makulli.

Maigadin ginin ya ce aljanun wuri sukan ari muryar mamaci. Ban yi masa gardama ba. Babban injiniya ya aiko a yanke kwaɗon, ma'aikata suka ƙi taɓa shi, har sai da na tsaya a gabansu na faɗi yadda aka yi ya shigo jakata. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na je gidan Ustad a unguwar Lyari. Matarsa Khala Razia ta saurare ni har ƙarshe, shayin da ta zuba mini ya huce ban taɓa ba. Na jira ta kore ni.

"Ai ya sani tun a gida," ta ce. "Da safen ranar ya laluba aljihu, ya ce kwaɗonsa na wurin Sumbul. Na ce to ka kira ta mana. Har ya ɗauki waya, sai ya ajiye. Ya ce, 'Bar yarinyar nan, yau take jarrabawa, kada in ɗaga mata hankali.'"

Sakamako ya fito bayan wata ɗaya. Na ci jarrabawar, ni ce ma ta ɗaya a aji. Takardar tana ƙasan akwatina, har yau ban nuna wa kowa ba.