Takardar da Ta Fito daga Ƙirjin Abdulrauf

Ranar da Abdulrauf ya fara shiga ɗakin awon zuciya a wani ƙaramin asibiti na garin Isa, Sadiƙa ce ke aiki. Ɗan kasuwa ne daga Gangara, mai kai kaya Nijar, ga tsayi ga fara'a, amma da ta manna masa wayoyi a ƙirji sai ta ga ya ƙura wa na'urar ido.

"Ba ta cizo," ta ce tana murmushi.

"Ba na'urar nike tsoro ba, malama. Mahaifina ya faɗi a gona bai tashi ba. Yayana Sodangi ma haka, bara da damina. Mutane na cewa aljanin fadama ne ke bin mazan gidanmu, ni kaɗai na rage."

Takarda ta fito daga na'urar da zane kamar haƙoran zarto. Sadiƙa ta ƙirga ƙananan gidajen da ke kanta, ta sake ƙirgawa, murmushinta ya ɗauke. Ta bayyana masa cewa wata 'yar wuta ce ke sa zuciya bugawa, kuma bayan kowane bugu sai wutar ta sake taruwa. Tasa tana daɗewa kafin ta taru. Likitan da aka tura shi wurinsa a Sakkwato ya tabbatar cewa gado ne, ya rubuta magani, ya kuma hana shi shan wasu magungunan zazzaɓi.

To, mai zuwa awo sau ɗaya a wata sai ya koma zuwa duk mako. Kowa a asibitin ya gane ba awon ne ke kawo shi ba.

"Likitar zuciyata, yau bugun ya yi sauri. Laifinki ne," ya rubuto mata.

"Ka sha maganinka, Raufuna, ka daina ɗora min laifi."

Da maganar aure ta taso, Innar Sadiƙa ta ce atafau. "Ba ni kai ɗiyata gidan da mata ke gadon takaba. Ga Hafizullahi ɗan kawunki, lafiyayye." Labari ya kai wa Abdulrauf, ya daina kira. Kwana goma sha biyu Sadiƙa tana duba waya, ranta a jagule, tana zaton ya haƙura da ita.

Wata safiyar damina saƙo ya shigo: "Ki yafe min. Ina sonki, shi ya sa ba ni son in bar ki cikin takaba. Zazzaɓi ya kama ni, Uwa za ta ba ni maganinta."

Nan take ta mayar masa da amsa: "Kada ka sha komai, don Allah. Ga ni nan zuwa."

Ta hau babur cikin taɓo har Gangara. Ta tarar da mahaifiyarsa zaune gefen tabarmarsa, kofin ruwa a hannu ɗaya, ƙwayoyi huɗu a ɗaya. Bai sha ba. Sadiƙa ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauki kwalin maganin ta karanta. Yana cikin waɗanda likita ya hana.

"Uwa, Sodangi ya sha wannan?"

"Duk damina nika aika a sawo min shi a kasuwar kan iyaka. Ninki biyu nika ba su, don ya yi saurin aiki. Shi da ubansu duka..." Nan tsohuwar ta gane. Ta dubi tafin hannunta ta daɗe, sai ƙwayoyin suka zube ƙasa.

Sadiƙa ta riƙe hannun. "Ba ki sani ba, Uwa. Kwana ne ya ƙare. Amma wanga ɗan naki yana nan."

Bayan Abdulrauf ya warke, Uwa da kanta ta je gidan su Sadiƙa, ta faɗa wa Inna komai ba ta rage ba. "Shekara bakwai ina zargin aljani. Ɗiyarki ce ta tsayar da hannuna. Ki ba ni ita."

Inna ta yi kuka, ta amince.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, dangi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da tsawon rai. Takardar nan ta farko tana cikin akwatin amarya. Kowace safiya Uwa ce ke miƙa wa ɗanta maganin likita, amma ba ta taɓa ba shi sai ta fara buɗe tafinta a gaban Sadiƙa.

"Duba min, ɗiyata. Shi ne?"