Talabijin Mai Shan Mari

A wani gari an yi wani tsoho mai talabijin. In hoto ya ɗauke, sai ya mari akwatin, hoto ya dawo. Ran nan ya mara, shiru. Ya sake mari, shiru.

Ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya buɗe bayan akwatin, yana bin allon wayoyin a hankali.

"Ɗana, ɗan mare shi mana!" in ji tsoho.

"Baba, a yi haƙuri."

Hannun tsoho yana ƙaiƙayi, sai ya zauna a kansa. Can mai gyara ya hango wata 'yar waya ta tsinke. Ya ɗiga mata dalma, hoto ya fito tar.

Tsoho ya ce, "To, me ya tsinka ta?"

Mai gyara ya dubi hannun tsoho. Tsoho ya cusa shi cikin aljihu.