Tsinken Tsintsiya a Cikin Littafi

Ku gyara zama, don wannan ba labarin da ake bayarwa a tsaye ba ne.

Yammacin wata Talata ne, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Maman Tilo tana kan keken ɗinkinta a baranda, tana sauri ta kalmashe bakin wata riga kafin haske ya ƙare. Tilo, 'yarsu guda ɗaya tak, wadda sunan ya bi ta har ta kai shekara goma sha bakwai, tana kwashe shanya daga igiya. Baban Tilo kuwa yana tsugune a ƙofar ɗakin ajiya da ke ƙarshen tsakar gida, yana juya wuta da sanda a cikin wani tsohon bokitin ƙarfe.

Maman Tilo ta ce, "Wai me kake ƙonawa ne tun ɗazu, Baban Tilo? Hayaƙi duk ya shiga kayan mutane."

"Tsofaffin takardun aiki ne," ya ce, bai ɗago ba.

"Shekara nawa ina roƙon ɗakin nan in sa kekena, sai yau Allah ya taɓa zuciyarka. Tilo, rubuta ranar nan."

Tilo ta yi dariya. Dariyar ba ta gama sauka ba aka ji ƙwas a kan rufin kwanon ɗakin ajiyar. Tsakuwa ce, ta gangaro a hankali ta faɗo gaban bokitin. Aka sake jefo ta biyu, sannan ta uku. Maman Tilo ta leƙa waje don ta yi wa masu jifan faɗa, ta tarar da layin babu kowa. Da ta dawo, sai ta ga mijinta riƙe da tsakuwar a tafin hannu. Da zafi take, kamar an tsamo ta daga murhu.

Baban Tilo mai duba kurakurai ne a wata maɗaba'a. Shekara ashirin yana bin littattafan mutane da jan biro, yawancinsu na soyayya. Yana da wata hanya ta aiki da abokansa suke masa tsiya a kanta: ba ya yarda da shafi sai ya karanta shi da ƙarfi, kunnensa ya ji. To, abin da ba wanda ya sani shi ne, shi ma ya taɓa rubuta nasa littafin. Shekara goma sha biyu da suka wuce, kullum da yamma yakan shiga ɗakin ajiyar nan ya ja ƙofa, ya rubuta shafi ɗaya, ya yi gyaran murya ya karanta wa bango. In ya kai ƙarshen shafin sai ya tambayi kansa, "To, sai me?" Washegari ya amsa da wani shafin.

A lokacin matarsa tana kwance, ciki ya zube mata ya bar ta da doguwar jinya. Ƙanwarta, wadda kowa ke ce wa Ƙarama, ita ta zo ta riƙe gidan. Ita ke wanki, ita ke girki, ita ke renon Tilo. Tana da wushirya, kuma in tana guga takan yi 'yar waƙa a hanci ba ta buɗe baki. Tana tsokanarsa yadda ƙanwar mata ke tsokanar mijin yaya, tana ce masa Yaya Mai Jan Biro. Shi kuwa wani abu ya tsiro masa a zuci wanda ya san ba shi da hanyar fita, tunda ba a haɗa ya da ƙanwa a aure. Bai taɓa faɗa mata ba, ko mayafinta bai taɓa taɓawa ba. Takarda ya faɗa wa.

Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar an share ɗakin ajiyar tsaf, littafin yana kan tebur, an saƙala tsinken tsintsiya a shafin da mai karatu ya tsaya. Washegari Ƙarama ta haɗa kayanta ta tafi, ba ta ce wa kowa komai ba. Maman Tilo, wadda a lokacin ko banɗaki sai an riƙe ta, ta ce ƙanwarta ta gaji da jinyarta ne ta gudu. Ta yanke zumunci da ita. Ba ta je bikinta ba, ba ta amsa wasiƙunta ba, ta hana a ambaci sunanta a gidan. Shi kuma ya yi shiru. Ya jefa littafin ƙasan akwati bai ƙarasa shi ba, kuma shi ne ya ƙona da yammacin Talatar nan.

Jifa ya ci gaba. Kullum daidai lokacin da inuwar katanga ta kai bakin rijiya, tsakuwa uku, sannan shiru mai nauyi, irin wanda har kajin maƙwabta ke yin tsit. A rana ta huɗu suka fara jin murya daga ɗakin ajiyar, ƙasa-ƙasa, kamar ana karatu bayan ƙofa. In an buɗe, ba komai sai ƙamshin tsohuwar takarda.

A rana ta shida Tilo ta shiga ɗakin da tsintsiya don ta share wa uwarta wurin keke. Ta daɗe ba ta fito ba. Da suka je, suka same ta zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, idanunta a buɗe amma ba su ganin kowa. Ta yi gyaran murya. Gyaran muryar ubanta ne, sak.

"Ita ce ta fara kallonsa," in ji bakin Tilo, a hankali, kalma bayan kalma. "Tana guga tana waƙa a hanci, ta san yana ji. Da ta yi murmushi wushiryarta ta bayyana, sai ya gane tarko aka ɗana masa, a gidansa, matarsa tana kwance a ɗaki."

Sai ta karkata kai, wata murya daban ta fito, tsohuwa, busasshiya: "To, sai me?"

Maman Tilo ta dafa bango. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Kwana uku yarinyar tana haka. Da rana ta yi barci kamar gawa, da yamma ta tashi ta karanta shafi. Uwarta tana zaune gefenta da ƙoƙon ruwa, tana jin kowace kalma. A rana ta uku ta sami mijinta a baranda.

"Rubutunka ne, na san yadda kake jera magana. Kuma na san mai wushiryar. Ashe ba gajiya ta yi ba. Ashe ina kwance tana farautar mijina, da ka ƙi ta ne ta gudu don kunya. Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baban Tilo? Ka rufa mata asiri duk shekarun nan?"

Ga ƙofar tsira an buɗe masa, har da yabo. Ya ce bari ya je ya kira Malam.

Malam dattijo ne siriri, mai yawan raha, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya iso rana tana gab da faɗuwa. Ya tsaya a tsakar gida har tsakuwa ukun suka sauka, ya ɗauki ɗaya ya juya ta.

"Wannan ba jifan mugunta ba ne," ya ce. "Mai son fasa kai ba ya zaɓar ƙanana. Sallama ake yi muku, ba ku amsa ba."

Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin ajiyar, uwa ta riƙe 'yarta ta baya, uba ya tsaya a bakin ƙofa. Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Haske yana janyewa daga taga kaɗan-kaɗan. Jikin Tilo ya ɗauki rawa, yatsunta suka lanƙwashe, sannan tsohuwar muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ni ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Ina kusurwar nan tun kafin a ɗora rufin."

"To Iya, da girmanki da komai, me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Ba ruwana da ita. Bakinta na ara. Ni da ubanta ne." Idanun Tilo suka juya zuwa ƙofa. "Shi ya saba mini. Kullum ya zo ya karanta, ya tambaya sai me, ni kuma in kwana ina tunani. Rana ɗaya ya daina. Na ce zai dawo. Shekara goma sha biyu ina gadin akwatin nan, ko gara ban bari ta shiga ba. Sai ya ƙone shi a ƙofata."

"Labarin soyayya ne ya hana ki sakat? Ashe har ku ma."

"Kai ba ka taɓa jin rabin labari ba?"

"Na ji. Me kike so ki fita?"

"Ya sake rubuta shi daga farko. In ya gama in tafi."

"A'a. Ba za ki zauna jikin yarinya wata da watanni ba. Yau za ki fita."

Tilo tana numfashi sama-sama.

"To ya ba ni ƙarshen, a nan, da bakinsa. Amma ba irin na takarda ba. Ina ɗakin nan ranar da mai tsintsiyar ta karanta. Na ga fuskarta. Tun ranar na san akwai kuskure a littafin, kuma mai jan biro bai gyara ba."

Malam ya juyo ya dubi Baban Tilo, rahar ta bar fuskarsa.

"Maigida, ba dole. Ina iya fitar da ita da karatu, sai dai za mu kai kwana biyu ko uku, kuma jikin 'yarka ne zai ji a jika. In kuma za ka yi magana, Maman Tilo tana iya ba mu wuri."

Baban Tilo ya dubi 'yarsa, leɓɓanta duk sun tsattsage. Ya dubi matarsa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ta zauna," ya ce.

Ya shigo ya durƙusa a inda teburinsa yake a da. Ya yi gyaran murya, don ya saba, sai kunya ta kama shi.

"Ƙarama ba ta kalle ni ba. Ko sau ɗaya. Ni na kalle ta. Waƙar da take yi, Tilo take lallashi da ita. Na rubuta cewa ita ta fara ne don haka na ga ana rubutawa, duk littafin da ya bi ta hannuna mace ce ke ɗana tarko, namiji ya faɗa ba da saninsa ba. Da na rubuta haka sai na iya barci. Ta zo shara ta karanta. Ta ga abin da mijin yayarta ke ɗauke da shi, ta ga kuma yadda ya zana ta. In ta zauna, fitina. In ta faɗa, ta kashe auren yayarta tana kwance. Sai ta tafi ta ɗauki sunan butulu. Ni kuma na bar mata shi. Duk wasiƙar da kika yaga, Maman Tilo, ina tsaye ina gani. Ɗazu ma kin ba ni dama, na sake yin shiru."

Ɗakin ya yi duhu sosai, ba a ganin fuskar kowa.

"To, sai me?" in ji tsohuwar, a hankali ƙwarai.

"Ban sani ba, Iya. Sauran ba a hannuna yake ba."

Muryar ta yi wani dogon numfashi.

"Bai kai na takardar daɗi ba," ta ce. "Amma wannan ya tsaya da ƙafarsa. Malam, buɗe mini taga."

Malam ya tura tagar, ya ɗauki alkawarinta cewa ba za ta dawo ba, ba ga yarinyar ba, ba ga gidan ba. Tilo ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a ƙirjin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishi nake ji. Me ya sa ba ku kunna fitila ba?"

Da gari ya waye Baban Tilo ya fito ya sami matarsa a baranda, ta rufe keken ɗinki da zani, ƙaramar jaka a gefenta, Tilo tana ɗaura takalmi.

"An ce su Ƙarama sun tashi daga inda suke," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ban san wa zan tambaya ba."

Ya sa hannu a aljihu. Sannan ya zaro walat ɗinsa, ya fito da wata 'yar takarda daga bayan katin aikinsa. Kusurwar ambulan ce, ta wasiƙar ƙarshe da ta yaga, inda Ƙarama ta rubuta sabon adireshinta. Ta yi laushi don yawan ninkewa da buɗewa.

Maman Tilo ta karɓa. Ta dubi rubutun ƙanwarta, ta dubi yadda takardar ta tsufa a aljihunsa. Sai a lokacin ta ɗago ido ta kalle shi.

"Har yanzu?" ta ce.

Wannan karon bai nemi kalmar da za ta wanke shi ba. Ya sunkuyar da kai.

Ta sa takardar a jaka, ta kama hannun 'yarta. A bakin ƙofa ya tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce sai ta ga fuskar ƙanwarta tukuna, kuma in Ƙarama ta ƙi buɗe mata ƙofa, za ta zauna a bakin ƙofar har ta buɗe.

Da yamma inuwar katanga ta kai bakin rijiya kamar kullum. Baban Tilo yana zaune shi kaɗai a ƙofar ɗakin ajiya, yana sauraron rufin kwano. Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Masu ba da labarin sun ce da an jefo, da ya fi masa sauƙi.