Wanda Ya Shiga Magudanar Gidan Dare

Matar ko sallama ba ta yi ba. Ta wuce kantar ofishin 'yan sanda, ta wuce kofur ɗin da ke ce mata ta jira, ta tsaya gaban teburin Sufeto Arzika hijabinta a karkace.

"Ranka shi daɗe, maigidana bai kwana gida ba."

Arzika ya saba jin wannan ƙara. Yawanci kafin azahar maigidan kan dawo da ƙafarsa yana sosa ƙeya. Amma wannan matar ba fushi ne a idonta ba, tsoro ne zalla.

Sunanta Sumayya. Mijinta Injiniya Zulkifilu ne, ɗan kwamitin sa ido mai zaman kansa da ke duba ayyukan magudanun ruwa a birnin. Ba ya ƙarƙashin gwamnati, ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila. In ya ce aiki bai yi ba, sai an fasa an sake. Don haka masu yi masa fatan alheri ba su cika yawa ba.

"Da mi yah hita?" in ji Arzika.

"Da takalman roba, da tocila, da igiya. Ya ce Gidan Dare za shi. Ranka shi daɗe, in ya ɗauki waɗanga, ciki za shi shiga. Ba ya yarda da abin da anka gwada mashi daga sama."

Arzika ya leƙa taga. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, gari ya bushe ƙayau, amma yau gabas ta fara haɗa baƙi. Ya ɗauki hularsa ya ƙwala wa Saje Junaidu kira.

Sabuwar magudanar unguwar Gidan Dare doguwa ce. Ta taso daga saman unguwa ta gangara wajen fadama, an rufe ta da murafen kankare jere reras, an liƙe bakin kowanne da siminti. Mutane na tafiya a kai, masu tireda sun kafa tebura. In akwai mutum a ƙasa, to Allah kaɗai ya san ƙarƙashin wane murfi yake.

Wani dattijo ya tare su da fara'a, kafaɗunsa faffaɗa, hannayensa duk kanta. Baba Tambari ke nan, tsohon birkila, kuma wakilin unguwa a kwamitin sa ido.

"Tare munka zagaya da Injiniya jiya," in ji shi. "Bayan la'asar munka rabu. Ya hau Keke Napep ya tahi."

"Bai shiga ciki ba?"

"Ta ina? Diba da idonka, ɗana. Duk a liƙe suke tun bara."

"Takalman robar hwa?"

"A hannu yar riƙe su."

Amsoshin sun fito sumul, kuma sumul ɗin ne bai kwanta wa Arzika ba. Ya tura Junaidu ƙarshen magudanar ta wajen fadama, inda bakinta yake a buɗe, ya ce ya shiga da tocila ya yi ta tafiya yana kiran sunan Injiniya.

Shi kuma ya nemo shugaban leburorin aikin, wani mai suna Maccido, a rumfar mai shayi. Maccido ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa cewa magudanar a buɗe take tun daga sama har ƙasa, ko akuya aka saka za ta fita ta fadama. Yana cikin rantsuwar Junaidu ya dawo, wandonsa duk laka, yana haki.

"Oga, babu hanya. Na yi tahiya kaɗan sai nic ci karo da ƙasa. Ba a haƙa wurin ba sam. Murahe kawai anka jera bisa ƙasa."

"Daidai ina?"

"Daidai ƙohwar gidan Baba Tambari."

Maccido ya kai kofin shayinsa baki. Arzika ya karɓe shi ya ajiye, ya matso har suna jin numfashin juna.

"Ka ga hadarin can? In yaz zuba, ruwan unguwar ga duka cikin ramin ga za shi taru, babu mahita. In akwai mutum ciki, kai ka kashe shi. Yi magana."

Maccido ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce in da an haƙa wurin, sai an rushe zauren Baba Tambari da ɗakunan gaba. Shi kuwa a hannun Baba ya tashi, shi ya koya masa riƙon cokalin gini, shi ya yi masa aure. Da wane ido zai sa diga a gidan ubangidansa? Sai ya tsallake wurin, ya jera murafe, ya ce wa kansa daga baya a san yadda za a yi.

"Injiniya hwa?"

"Wallahi ban sani ba! Na ji dai ya ce za shi shiga ya gani. Tun jiya ban iya cin abinci ba."

Suka koma gidan Tambari a guje. Dattijon na zaune a dakalin zaurensa yana jan carbi. Da Arzika ya gaya masa abin da Maccido ya faɗa, ko gezau bai yi ba.

"Wannan tsakaninku da kamfani. Ni dai na ce maka ya hau Keke."

"Baba, don girman Allah. Yana da mata, yana da ɗiya."

"Ni ma ina da su."

Arzika ya ji kamar ya shaƙe shi. Amma shaƙewa ba za ta buɗe murfi ba. Ya bar Junaidu a kansa, ya buga wa 'yan kwana-kwana waya, suka ce motarsu tana can wani gefen gari. Bakin magudanar na sama kuwa ragar ƙarfe ce aka dasa cikin kankare, shara da yashi sun cushe ta. Kafin mai walda ya yanke ta, ruwa ya riga kowa shiga.

Ya tara samarin unguwa, ya raba su a kan murafen. Suna bugawa da duwatsu, suna kifa kunne, suna kiran "Injiniya! Injiniya!" Iska ta taso ta fara kaɗa kwanukan rufi, ta haɗiye duk wani sauti. Sumayya ta iso a kan babur, ta durƙusa a kan kankare tana bi murfi bayan murfi da tafin hannunta. Arzika ya kasa kallonta. Tunda ya sa kaki bai taɓa jin ya zama banza irin na yau ba. Mutum yana ƙarƙashin takalminsa, shi kuma yana ta zagaye.

An yi tsawa. Masu tireda suka shiga tattara kaya.

Gefen wani shago da ke rufe, wata mai ƙosai tana ƙoƙarin ɗauke kaskonta, sai santsi ya kwashe ta. Arzika ya tare ta kafin ta kai ƙasa, mai ya zube.

"Sannu, Inna."

"Ina sannu! Baba Tambari ne da ban-ruwansa. Jiya da magariba ya kwarara, yau da sahe ya kwarara. Nic ce, Baba, shuka ka yi a kan kankare? Bai ko tanka mani ba."

Arzika ya dubi ƙasa. Duk layin a bushe yake fari fat, sai wuri ɗaya da aka lulluɓe da tsofaffin buhuna, jiƙe sharkaf. Ya yaye buhunan. Simintin da ke bakin murfin baƙi ne, ɗanye. Ya danna shi da farce, ya lotsa.

Tsohon aiki ba ya son ruwa. Sabon siminti ne ake shayarwa safe da yamma don kada ya tsage, kuma hannun da ya shekara yana gini ba ya iya wucewa ya bar shi da ƙishi.

"Diga!" ya ƙwala. "Ku kawo diga da ƙarfe! Nan ne!"

Ɗigon farko ya sauka a wuyansa suna cikin sara. Kafin su kankare bakin murfin, ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Maccido ne ya cusa ƙarfe, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, samari suka taru suka banƙare murfin gefe.

Wani wari mai zafi ya bugo su. Arzika ya haska tocila. Can ƙasa ga mutum jingine da bango, ƙafarsa ɗaya a lanƙwashe yadda ƙafa ba ta lanƙwasuwa, jan ruwa ya riga ya kai masa ƙugu yana hauhawa. Kansa a sunkuye, ba ya motsi.

Arzika bai tsaya neman tsani ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya dira. Ruwan ya make shi a gwiwa, leda da kara suka nannaɗe masa ƙafa. Ya tallabo kan mutumin, ya kai yatsa wuyansa. Shiru. Ya sake dannawa yana kiran sunan Allah a fili. Sai ya ji wani ɗan bugu, siriri.

"Yana da rai! Ku ja!"

Aka shimfiɗe Zulkifilu a ƙarƙashin rumfar shagon. Leɓɓansa sun tsattsage. Sumayya ta rungume kansa.

Junaidu ya iso da Tambari, ruwa na zuba daga gemunsa. Da dattijon ya ga ramin a buɗe, sai ya zauna daɓas cikin taɓo.

"Tare munka buɗe murhin da Injiniya, ya ba ni wayarshi in riƙe mashi," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Ya shiga, ya jima, ya dawo yana hawa tsani yac ce, Baba, dole a rushe. Gidan da nig gina da hannuna, bulo bayan bulo. Ban san sadda nij janye tsanin ba. Nij ji hwaɗuwarshi. Daga nan tsoro ya kama ni, nij ja murhi, nil liƙe."

"Sannan ka dawo kana ba shi ruwa," in ji Arzika.

Tambari ya dube shi kamar bai gane tambayar ba. "In ba a ba shi ba, tsagewa shikai."

Zulkifilu ya buɗe ido. Ya daɗe yana neman inda muryar ta fito, sannan ya yi magana, sai da kowa ya sunkuya kafin a ji.

"Baba, abin da ke ɗigowa ta gefen murfin shi na riƙa lasa. Da safe na ji tafiyarka. Na kira sunanka."

Tambari ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa Junaidu hannayensa biyu.

"Na ji ka," ya ce.

Junaidu ya danna masa ankwa, ya ɗaga shi, suka nufi mota cikin ruwan.